Wasiƙa Ga Malaman Lissafi: A Lissafa Kafin A Haɗa Waya

'Yan'uwana malaman lissafi na firamare da sakandare, maza da mata.  

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, farantan sola suka cika rufin gidaje da shaguna. Mai cajin waya ya kafa nasa, masallacin unguwa ya kafa, rijiyar burtsatse ta koma aiki da rana, manoman rani ma sun fara jingine injin ban ruwa mai shan fetur suna sayen famfon sola. Yaron nan da ke bencin baya, wanda kuke ganin bai san komai ba a darasin kashi cikin ɗari, ya san idan batir ya sauka, ya san inbata za ta yi kuka idan aka jona dutsen guga, wataƙila ma ya taɓa riƙe wa yayansa tsani ana ɗaura faranti a kan kwano. Abin da bai sani ba shi ne duk wannan harka lissafi ce, kuma lissafin nan ne dai da ke cikin manhajarku. Dalilin rubuto muku ke nan.

Amma bari in fara da abin da nake tsoro. Duk mun san gidan kwali. Ranar bikin ba da kyaututtuka ko bajekolin kimiyya sai a fito da ɗan gida na kwali an shafe shi da fenti, an ɗora masa ƙaramin faranti, a danna makunni ƙwai ya kama, manyan baƙi su tafa, a ɗauki hoto. Yara uku ne suka yi shi, galibi da hannun wani mai gyaran rediyo a ciki, kuma idan ka tambaye su awa nawa ƙwan zai yi yana ci bayan faɗuwar rana, sai su tsaya kallon juna. An kashe kwali da gam da mako biyu, ba a yi ko tarawa guda ba. Aikin hannu ne, yana da nasa amfanin, amma kada mu shigar da shi littafin darasi da sunan lissafi.

Ƙa'idar da nake ba ku shawara a kanta ita ce: a lissafa tukuna, a rubuta amsar a allo kowa ya gani, sannan a haɗa waya a auna. Bayan an auna sai a zauna a binciko dalilin da ya sa abin da mita ta nuna ya saɓa wa abin da aka rubuta. Wannan zama na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, alhali a nan ribar take.

Mu ɗauki rumfar mai cajin waya, tunda babu yaron da bai santa ba. A ce yana cajin waya 40 a rana, kowace tana shan wat-awa 15. Ɗan aji biyar na firamare zai ninka ya ba ku 600. A nan ku tsaya ku tabbata sun raba wat da wat-awa, domin manya ma suna cakuɗa su. Wat shi ne ƙarfin zubar famfo, wat-awa kuwa ruwan da ya taru a randa. Ƙwan lantarki mai wat 10 idan ya yi awa 5 yana ci, ya sha wat-awa 50. Huɗu irinsa 200 ke nan. Fanka guda mai wat 60 idan ta kwana tana juyawa awa 8, ta sha 480, wato ta ninka ƙwayayen huɗu har da ɗoriya. Yara kan yi mamakin wannan, domin a idonsu abin da ke haske shi ne mai cin wuta. Yunit ɗin da ake saya a mitar gida kuma wat-awa 1,000 ne, kun ga rasit ɗin wuta ma ya zama kayan darasi.

Mu koma rumfa. Ba duk wutar da faranti ya samar ce ke isa cikin waya ba; wata tana salwanta a batir, wata a wayoyi, wata a inbata. A ce kashi 25 cikin ɗari ne ke ɓacewa. Ku tambayi aji: nawa ya kamata farantin ya samar domin 600 ta iso? Na yi imani mafi yawansu za su ƙara kwata a kan 600 su ce 750. Kada ku gyara musu da baki. Ku ce su cire kashi 25 cikin ɗari daga 750 ɗin su gani. Za su samu 562.5, wayoyi biyu da wani abu sun kwana babu caji. Amsar ita ce a raba 600 da 0.75, a samu 800. Ƙara kwatan nan shi ne kuskuren da ke kayar da ɗalibai a tambayoyin riba da faɗuwa da ragin farashi shekara da shekaru, ga shi yau ya fito da masu waya a bakin rumfa suna jiran kayansu.

Daga nan sai a raba 800 da awannin rana mai ƙarfi. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna samun abin da ya kai kimanin awa 5 zuwa 6 na cikakken ƙarfin rana idan aka dunƙule hasken yini guda. Mai hankali yana ɗaukar ƙaramar lambar saboda ranakun hadari da hazo: 800 a raba 5, wat 160. To, a kasuwa akwai mai 150, akwai mai 200, wanne za a saya? Ɗalibin da ya haddace dokar kusantar da lamba zai ce 150, domin ta fi kusa. Ku bar su su yi gardama. A ƙarshe za su gane da kansu cewa akwai inda ake hawa sama ko da lambar ƙasa ta fi kusa, kuma yanayin tambaya ne ke yanke hukunci. Batir ma haka: mai bolt 12 da am-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a takarda, amma irin mai ruwan asid ba a son a sauke shi fiye da rabi idan ana so ya yi ƙarko, saura 600. Ninkawa, rabawa, ɗigo, kashi cikin ɗari, kusantar da lamba, duk a rumfa guda, kuma har yanzu ba a sayi ko ƙusa ba.

Kayan aikin da ake bukata ba su da yawa: ƙaramin faranti mai wat 20, mitar nan ta masu gyaran lantarki mai wayoyi ja da baƙi, tef ɗin tela, sanda miƙaƙƙiya, da ma'aunin kusurwa na cikin gwangwanin kayan lissafi. Abu na farko da mita za ta nuna zai rikita aji, domin farantin da ake kira mai bolt 12 zai nuna wajen 21 ko 22 idan ba a jona masa komai ba. Ku juya bayansa su karanta takardar da ke manne, su nemo lambar da ta dace da abin da suka gani. Daga nan ku mayar da mita wajen auna am, ku shimfiɗa farantin a tsakar makaranta, yara biyu su riƙa fita duk rabin awa daga ƙarfe 8 har tashi suna rubuta abin da ta nuna. Washegari ga jadawalin lambobi na aji, nasu na kansu, sai zana giraf. Za su ga layi ya hau, ya yi ƙusumbi, ya fara gangarowa, kuma idan gajimare ya gitta da ƙarfe 11 za su ga ramin da ya bari. Daga lambobin nan za a fitar da matsakaici, da tazarar babba da ƙarama, da ma'anar hawa da saukar layi. Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake: wannan awon na am a kan ƙaramin faranti kaɗai ake yinsa. Kada a kuskura a gwada shi a kan batir, domin waya za ta yi ja ta ƙone hannu. Wutar inbata da ta soket kuwa yaro ba ya taɓa ta ko kusa.

Tsinin giraf ɗin ba zai faɗo a ƙarfe 12 daidai ba. A Kano rana tana kaiwa tsaka ne wajen 12 da rabi, da 'yar gaba ko baya gwargwadon wata. Lokacin kuma yana bambanta daga gari zuwa gari, domin duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri ɗaya duk minti 4. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kimanin digiri 8, saboda haka rabin awa da 'yan mintoci. Yara sun riga sun san wannan daga azumi, sun san Borno na riga Sakkwato shan ruwa. Idan kuna da abokin aiki a wani gari, ku yi awon rana ɗaya ku tura wa juna lambobin ta WhatsApp, ajin biyu su kwatanta.

Inda na fi so ku daɗe shi ne wajen inuwa, domin a nan muna da gadon da littattafan da aka rubuta a Turai ba su san da shi ba. Yaron da ke zuwa Islamiyya ko makarantar zaure ya ji cewa Azahar tana shiga idan rana ta yi zawali, La'asar kuma idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. Malamanmu na da da tafin ƙafa suke auna wannan, suna ƙiyasta tsawon mutum ƙafa bakwai. Ku kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili mai lebur, yara su riƙa sa alama a bakin inuwarta. Inda ta fi gajarta nan ne zawali, kuma layinta shi ne kudu da arewa na gaskiya, ba tare da kamfas ba. Lokacin da inuwa ta yi daidai da tsawon sanda, rana tana digiri 45 sama da ƙasa. Ɗan sakandare ya ga dalilin da ya sa tan 45 ta zama 1 ba tare da an tilasta masa hadda ba. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, duniya kuma a karkace take da digiri 23.4. Saboda haka a ƙarshen Disamba rana tsaka tana tsayawa ne wajen digiri 54.6 ta ɓangaren kudu, sandar nan kuma za ta ba da inuwa ta kimanin santimita 71. Ku sa su lissafa wannan tun kafin ranar, sannan su fita da tef. A wajen 22 ga Afrilu da 21 ga Agusta kuwa rana tana bi ta kan Kano daidai, inuwar sanda ta kusan ɓacewa ɗungurungum, kuma a tsakanin waɗannan ranaku inuwar zawali kudu take faɗuwa. Mutanen Zariya, Katsina, Maraɗi da Damagaram sai kowa ya sa lambar garinsa. Daga wannan ne ake fahimtar abin da ya sa masu kafa sola a yankinmu ke fuskantar da faranti kudu da ɗan karkaci na digiri 10 zuwa 15, wanda kuma ke taimaka wa ruwan sama ya wanke ƙura.

Ku gwada wannan ma. A fuskantar da faranti ga rana sosai a rubuta am, sannan a karkata shi da digiri 60. Lissafi ya ce cos 60 rabi ne, don haka a rubuta rabi a allo. Mita za ta nuna abin da ya ɗan haura rabi. Kada ku ce mita ce ta lalace, kada kuma ku bari yara su gyara lambar don ta yi daidai da littafi, domin za su yi ƙoƙarin hakan; mun saba musu da cewa amsa ɗaya ce kuma tana bayan littafi. Ku tambaye su daga ina ƙarin ya fito. Wani zai lura cewa haske ba daga ƙwayar rana kaɗai yake zuwa ba, sararin sama da farin bango da ƙasa duk suna mayar da shi. Yaron da ya gano haka ya fahimci cewa dabarar lissafi tana da sharuɗɗa, kuma wannan fahimta ta fi amsar kanta tsada.

Zafi kuma yana ba da darasin aljabara. Jama'a na ɗauka cewa ranar bazara mai ƙuna ita faranti ya fi so. Lambar da aka rubuta a jikinsa an auna ta ne yana kan digiri 25 na ma'aunin zafi, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kimanin kashi 0.4 cikin ɗari. A kan kwano a watan Afrilu faranti na iya kaiwa digiri 65. Ƙarin 40 ke nan, sau 0.4, kashi 16. Mai wat 400 ya dawo 336. A rubuta shi P = 400 − 1.6(T − 25), ga miƙaƙƙen layi mai gangarowa, wanda ɗalibi ya san abin da gangarensa ke nufi. Da hunturu kuma, idan an samu faranti biyu iri ɗaya, a riƙa goge ɗaya kullum a bar ɗaya da ƙurarsa, yara su fitar da asarar da kansu cikin ɗari.

Ga 'yan babbar sakandare, babu tambayar da ta kai wannan daɗi: janareta ko sola? A ce, don misali kawai, janareta naira 150,000 ne yana shan man 2,000 kullum, kayan sola kuma 600,000 ba sa shan komai. Layi biyu a giraf ɗaya, ɗaya ya fara daga ƙasa yana hawa, ɗaya ya fara daga sama yana kwance. Suna haɗuwa a rana ta 225, kuma daga nan ne kwalliya ta fara biyan kuɗin sabulu. Wannan shi ne lissafin x da y guda biyu da ake warwarewa tare, wanda ɗalibai ke gudu. Ku aike su kasuwa su tambayo farashin gaskiya na wannan makon, kada ku yi amfani da nawa. Mai kaifin basira zai ce ai batir yana mutuwa, janareta kuma yana son baƙin mai da gyara. Ku ce ya zana hakan. Layin sola zai yi tsalle a shekarar sauya batir.

Iska da ruwa ba zan tsawaita a kansu ba, domin rana ce arzikin da ke ƙofar kowace makaranta tamu. Duk da haka akwai lambobi masu kyau. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina injina 37 ne, kowanne kilowat 275. Ɗan firamare ya ninka ya ga inda megawat 10 da ake faɗa ta fito. Ƙarfin iska kuma yana tafiya ne da saurinta sau kansa sau uku: idan sauri ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka takwas, idan aka ninka tsawon fiffike, da'irar da yake sharewa ta ninka huɗu. A sa su kwatanta megawat 760 na madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, da megawat 10 na tashar sola ta Kumbotso da aka buɗe a 2023, ko megawat 30 na Gorou Banda kusa da Yamai. Inda makaranta ke da tankin burtsatse, a auna shi da tef a fitar da litar da yake ɗauka, a duba minti nawa famfo ke yi kafin ya cika shi.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci: Malam, aji mai yara tamanin ko ɗari, darasi minti 40, ga manhaja ba a gama ba, ga WAEC da NECO na tafe, albashi kuma sai a hankali. Duk gaskiya ne. Shi ya sa ban ce kowane rukuni ya samu farantinsa ba. Faranti ɗaya da mita ɗaya sun isa makaranta, matuƙar lambobin sun hau allo kowa ya yi aiki da su a littafinsa. A tsara fita awo bi da bi, kuma ku lura da wanda ke riƙe mita. Idan aka bar abin haka nan, yara maza biyu ko uku masu rawar kai za su mamaye ta, 'yan mata su koma masu rubutu. Ku rarraba da suna. Kada kuma aikin ya zama wani sabon darasi da za a nema wa gurbi. Ku duba tsarin zangon karatu, makon da aka sa kashi cikin ɗari a kawo rumfar caji, makon giraf a fito da faranti, makon kusurwoyi a kafa sanda. Ku yi bayani da Hausa har sai ya zauna, sannan ku ba su sunan abin da Turanci ko Faransanci yadda za su gan shi a takardar jarrabawa.

Akwai kuma matakin da bai kamata a manta ba, wato ɗauke farantin. Yaron da ya iya raba 600 da 0.75 a maganar caji, ba lallai ne ya gane tambayar ba idan ta zo masa a kan ɗan kasuwar da ya sayar da buhu da faɗuwar kashi 25. Ku ba shi ita a kan buhun masara, ku ba shi a kan albashi, sannan ku ba shi da haruffa zalla babu labari. Idan ya ci duka, darasi ya shiga. Idan a sola kaɗai yake iyawa, to mun koyar da sana'a, lissafin yana nan bashi a kanmu.

Masu nazarin rana ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorantar hukumar makamashin rana ta Nijar tun ƙarshen shekarun 1960, kuma shi ne ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka a 1964. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan murhun rana da na'urar busar da amfanin gona. Ku faɗa wa yara sunayen nan. Ku kuma gayyato mai haɗa sola na unguwa ya zo aji da takardar ƙiyasin wani aiki da ya yi, ɗalibai su bi lissafinsa layi-layi. Wasu masu sana'ar gwanaye ne, za ku ƙaru da su. Wasu kuwa da ka suke yi.

Wannan ya kawo ni ga darasin da nake roƙon kada ku bari ɗalibi ya bar hannunku bai yi shi ba. Rana mai ƙarfi tana sauke kimanin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, farantan da ke kasuwa kuma wajen kashi 20 cikin ɗari suke iya mayarwa lantarki. Faranti mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 yana karɓar 2,000, ya ba da wajen 400. To idan aka nuna wa mahaifin yaro wani mai tsawon mita 1 da faɗin rabin mita, an manna masa takarda mai cewa wat 300, yaron da ke da tef ɗin tela zai iya cewa: Baba, duk hasken da ke sauka a kansa 500 ne, abin da zai bayar bai fi 100 ba. Kayan jabu da lambobin ƙarya sun yi yawa a wannan kasuwa, kuma talakan da ya tara kuɗinsa da ƙyar su ake sayar wa.

Don haka ina roƙonku, a zangon nan mai zuwa kowannenku ya je wajen shugaban makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai ya nemi kuɗin ƙaramin faranti ɗaya da mita ɗaya. Idan ba a samu ba, ku fara da sanda da tef, su ba sa bukatar sa hannun kowa. Allah ya ba da ladan aiki, ya albarkaci yaranmu.

Wassalam,
ɗan'uwanku a wannan sana'a.